Minti 20 da daƙiƙa 20

 Gaisuwa ga na Maraɗi da Madarunfa da Ɗan Isa, gaisuwa ga na tsallaken iyaka, Jibiya da Batsari da Katsina, har inda muryar nan take kaiwa. Yau ba sakamakon wasannin mako zan karanto muku ba, kun riga kun gani a wayoyinku. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun watan Agusta, na ce bari dai in kawo ta nan mu juya ta tare.

Akwai wani yaro a fadarmu, wato majalisar da muke shan shayi da dare. Ɗan kabu-kabu ne, abin da ku na wancan gefen kuke ce wa ɗan acaɓa. Ba zan faɗi sunansa ba, da wannan sharaɗin ya yarda in ba da labarin. Babur ɗin ba nasa ba ne, na wani ɗan kasuwa ne, duk ƙarshen mako yake kai masa kuɗinsa. Yaron nan Liverpool yake so, so na gaske, irin wanda idan an ci su ba ya iya cin tuwon dare.

Ran Lahadi 10 ga Agusta 2025 muna gidan kallo tare da shi. Wasan buɗe kaka ne na Ingila, Community Shield, a filin Wembley, Liverpool da Crystal Palace. Wanda bai bi labarin ba, ga abin da ya sa wasan ya yi wa magoya bayan Liverpool nauyi. Diogo Jota, ɗan ƙasar Fotugal, shi ne mai riga lamba 20 a ƙungiyar. A kakar da ta ƙare a watan Mayu sun ɗauki kofin gasar Ingila, kuma wannan ne karo na 20 a tarihinsu. Ran 22 ga Yuni aka ɗaura wa Jota aure da uwar ƴaƴansa uku. Bayan kwana 11, ran 3 ga Yuli, motarsu ta ƙwace ta kama da wuta a yankin Zamora na ƙasar Sifaniya, shi da ƙaninsa André Silva duk suka rasu. Shekararsa 28. Ƙungiyar ta jingine lamba 20 gaba ɗaya, ba wanda zai sake sa ta, babba ko yaro, namiji ko mace.

To a Wembley, da wasa ya kai minti na 20 sai ƴan kallo suka miƙe suna tafi don tunawa da shi. Ana cikin tafin nan sabon ɗan wasansu Jeremie Frimpong ya ɗago ƙwallo daga gefen dama, kai ka ce wani zai ba a gaban raga, sai ta karkata ta wuce kan mai tsaron gida, ta taɓa ƙarfe ta shige. Agogon da ke kusurwar talabijin yana nuna minti 20 da daƙiƙa 20. Wallahi gidan kallon nan sai da ya yi tsit kafin ihu ya ɓarke. Ni da nake goyon bayan wata ƙungiyar daban, tsigar jikina sai da ta tashi.

Abin da ban gani ba shi ne, a daidai lokacin yaron nan ya ciro waya. Kuɗin mai babur suna cikin asusunsa, washegari zai kai. Ya zuba jika 20 cif a caca, dubu 20 ta sefa ke nan, ƴan canji na Jibiya sun fi ni sanin nawa ne a naira. Ya sa cewa Liverpool ce za ta yi nasara. Ko adadin ma lambar ya bi. A minti na 77 Ismaila Sarr ɗan Senegal ya farke wa Palace, aka tashi 2 da 2, aka tafi bugun fenariti. Mohamed Salah ya ɗaga tasa ta bi iska, mai tsaron gidan Palace ya tare wasu biyu, Palace ta ɗauki garkuwar da ci 3 da 2.

Sai bayan kwana uku ya same ni a ƙofar gida. Bai fara da maganar kuɗin ba. Cewa ya yi, “Yaya, don Allah, abin nan da muka gani da idonmu, ashirin da ashirin, ƙarya ne? Idan ba alama ba ce, mene ne?” Na buɗe baki na rasa abin faɗa, domin ni ma na ji abin da ya ji.

Tambayar nan ce ta mayar da ni kan labarin da a ganina ya fi kowane girma a wannan fanni, kuma a nahiyarmu ya faru, wato na Zambiya.

Ba a haife ni ba a 1993, amma manya sun ce ƙungiyar Zambiya ta wancan lokaci abin tsoro ce. Su ne suka lallasa Italiya da ci 4 da nema a gasar Olamfik ta 1988, Kalusha Bwalya ya ci uku shi kaɗai, kuma a shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Ran 27 ga Afrilu 1993 suka hau jirgin sojan saman ƙasarsu za su Dakar, wasan neman gurbin kofin duniya da Senegal. Jirgin ya yada zango a Libreville, babban birnin Gabon, ya sha mai, ya tashi da dare. Bai yi nisa da gaɓa ba ya faɗa teku. Mutum 30 ne a ciki, ba wanda ya fita, 18 daga cikinsu ƴan wasa ne. Kalusha ya tsira ne don yana wasa a PSV ta ƙasar Holan, daga can zai wuce Dakar ya same su.

Sai 2012, gasar kofin Afirka da Gabon da Ikwatoriyal Gini suka karɓi baƙunci tare. Mu ƴan Nijar ba za mu manta da ita ba, ita ce ta farko da Mena ta taɓa zuwa. Ku na Najeriya kuwa, sai haƙuri, a waccan shekarar a gida kuka kalla. An saka Zambiya a rukunin da ke wasa a Ikwatoriyal Gini, kuma yadda jadawalin ya tafi da su, ba su taka Libreville ba sai a wasan ƙarshe. Wasansu na farko da wa? Da Senegal, ƙasar da waɗancan ba su isa ba. Suka ci 2 da 1. Suka fitar da Sudan, suka fitar da Gana a wasan daf da na ƙarshe bayan Kennedy Mweene ya tare fenaritin Asamoah Gyan. Da suka sauka Libreville, kwanaki kaɗan kafin wasan, suka tafi bakin tekun nan da furanni a hannu, suka yi waƙoƙin coci suka yi addu'a. Kalusha yana tare da su, a lokacin shi ne shugaban hukumar ƙwallon ƙasar.

Ran 12 ga Fabrairu, ina ɗan shekara goma sha, muna tsakar gidan wani maƙwabcinmu mai janareta. Kusan duk wurin Kwaddibuwa ake yi, kun san yadda muke da ƴan'uwa masu ci-rani a Abijan. Kuma wa zai ce ba su za su ci ba? Didier Drogba, Yaya Touré, Kolo Touré, Gervinho, ga shi ko ƙwallo ɗaya ba a zura musu ba tun farkon gasar. Wajen minti na 70 aka ba su fenariti, Drogba ya ɗaga ta ta wuce saman raga. Aka yi minti 90, aka yi ƙarin lokaci, ba ci. Aka zo bugun daga kai sai mai tsaron gida. Bakwai na farko a kowane ɓangare duk suka shiga, ƴan Zambiya sun rungumi juna a tsakiyar fili suna ta waƙa. Kolo Touré ya buga, Mweene ya tare. Rainford Kalaba ya zo, idan ya ci an gama, sai ya ɗaga sama. Gervinho shi ma ya ɗaga sama. Stoppila Sunzu ya zo ya zura. Ci 8 da 7. Kocinsu Hervé Renard, Bafaranshen nan mai farar riga, ya ɗauki Joseph Musonda cak a hannu, wanda ya ji rauni tun farkon wasa, ya kai shi wurin murna.

To ku ƙidaya tare da ni. Kowane ɓangare ya buga tara. Tara da tara 18. Ƴan wasan da suka mutu 18. Shekarun da suka cika tsakanin haɗarin da wannan dare 18. A birnin da abin ya faru, ƴan kilomitoci daga inda jirgin ya nitse. Duk wanda zai ji wannan bai ji komai a ƙirjinsa ba, ban san irin zuciyar da yake da ita ba.

Na daɗe ina ba da labarin nan a haka, har a wannan shirin na taɓa ba da shi. Sai da yaron nan ya yi mini tambayarsa na koma na dube shi da kyau, na ga abubuwan da nake tsallakewa.

Daga Afrilun 1993 zuwa Fabrairun 2012, shekara 18 ne da wata tara da ƴan kwanaki. Ya fi kusa da 19, kuma jaridu da dama 19 ɗin suka rubuta. Mu masu son lissafin ya zo daidai muka ɗauki 18. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne, mutum 30 suka mutu. Don lambar ta zauna sai mun ajiye 12 a gefe. A cikinsu akwai kocin, Godfrey Chitalu, wanda shi kansa yana cikin manyan masu cin ƙwallo da Zambiya ta taɓa yi, da mataimakinsa Alex Chola, da jami'ai, da ma'aikatan jirgi biyar, da ɗan jarida guda, mai irin sana'ata. Su ma suna da uwaye da mata da ƴaƴa. An binne su wuri ɗaya da ƴan wasan a Lusaka, kusa da filin wasa na Independence, amma a lissafinmu na 18 babu su. Da na lura da haka sai na ji kunya.

Kuma lambar ta kan sa mu manta da dalili. Gwamnatin Gabon ta fitar da rahoton bincike a 2003, shekara goma bayan haɗarin. Abin da ya ce shi ne injin hagu ya samu matsala bayan tashi, matuƙin kuma cikin ruɗewa ya kashe na dama mai lafiya, ga gajiya a jikinsa don bai daɗe da dawo da ƙungiyar daga tsibirin Mauritius ba. Jirgi mai lalura da matuƙin da bai huta ba. Ajali dai ajali ne, mun yi imani da haka, amma akwai hannun ƴan Adam a ciki, kuma iyalan mamatan sun yi shekaru suna bibiyar haƙƙinsu. Idan muka tsaya kan 18 da 18 muna jinjina kai, wannan tambayar ba ma yin ta.

Sannan ku na Najeriya za ku tuna mini da 1994. Ko shekara ba a rufa ba da haɗarin, Zambiya ta haɗa sabuwar ƙungiya a bayan Kalusha ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunis. Duniya kaf tana bayansu. Su suka fara ci ma. Sai Emmanuel Amuneke ya zura biyu, Najeriya ta ɗauki kofi. Idan akwai ranar da tausayi zai ci wasa, ai ranar ce. Ba wanda ya zauna ya nemo lambobin wannan rana, don labarin bai ƙare yadda ake so ba.

Ina cikin shirya wannan zance na ci karo da wani abu da ya ba ni tsoro na ɗan lokaci. Ranar da Liverpool ta tabbatar da kofin nan na 20, da ta ci Tottenham 5 da 1 a Anfield, ita ce 27 ga Afrilu 2025. Ranar haɗarin Zambiya, 27 ga Afrilu. Na ajiye biro na yi shiru. Sai na tambayi kaina, to me ya haɗa su? Babu. Ni ne na ɗora labarai biyu a kan tebur guda, na yi ta jujjuya ranaku da shekaru da lambobin riga da mintoci har biyu suka yi karo. Wasa ɗaya kaɗai yana ɗauke da lambobi fiye da ɗari. Malaman lissafi suna da wani misali da nake so: idan mutum 23 suka taru, wato ƴan wasa 22 da alƙalin wasa, yiwuwar a samu biyu a cikinsu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi. Kusan duk wasa biyu, ɗaya yana da irin wannan dacewa, ba ma dubawa ne kawai.

Akwai wani lissafi da ya yi tashe kafin kofin duniya na 2006, ku ɗauko biro ku gwada. Brazil ta ci a 1970 da 1994, ku haɗa, 3964. Jamus 1974 da 1990, 3964. Ajantina 1978 da 1986, 3964. Brazil kuma 1962 da 2002, 3964. Sai aka ce to a cire 2006 daga 3964, ya ba da 1958, kuma Brazil ce ta ci a 1958, saboda haka kofin nata ne. Faransa ta kore ta da ci ɗaya mai ban haushi tun wasan kusa da daf da na ƙarshe, Italiya ta ɗauka. Abin dariyar, lissafin ya riga ya karye tun kafin nan: 1966 da 1998 su ma 3964 suke bayarwa, amma Ingila ce ta ci ɗaya, Faransa ta ci ɗayan. Masu yaɗa shi sun tsallake wannan layin ne kurum. Haka aka yi a 2022, aka ce Ronaldinho ya shiga PSG a 2001 ya ci kofin duniya a 2002, Mbappé ya shiga a 2017 ya ci a 2018, Messi ya shiga a 2021, don haka nasa ne. Wannan karon ya zo daidai. Amma Neymar ma a 2017 ya shiga PSG, ba wanda ya sa shi a jerin.

Su kansu manyan ƙwallo ba su tsira ba. Mário Zagallo na Brazil, wanda ya rasu a Janairun 2024 yana da shekara 92, ya yi rayuwarsa yana riƙe da lamba 13. Asalin abin daga addini ne, matarsa ƴar Katolika ce mai girmama waliyyinsu Antoniyo, wanda ake bikinsa ran 13 ga Yuni. Masu ba da labarinsa sukan nuna maka cewa 5 da 8 na 1958 sun ba da 13, 9 da 4 na 1994 sun ba da 13. Gaskiya ne. Amma kofi huɗu ya ɗauka, biyu yana ɗan wasa, ɗaya yana koci, ɗaya yana mataimaki, kuma 1962 da 1970 ba su ba da 13 ba. A Ingila 13 ɗin nan lambar rashin sa'a ce, alhali da ita Eusébio ya ci ƙwallo 9 a 1966 a ƙasar tasu, da ita Gerd Müller ya ci 10 a 1970. Ƴan Italiya kuwa 17 suke gudu. To ku koma Libreville: Kalaba da ya ɓarar yana sanye da 17, Sunzu da ya ci kofin yana sanye da 13. Ɗan Italiya zai ce kun gani ko, Bature ɗan Ingila kuma sai ya yi shiru.

Yanzu bari in zo kan imani, don nan ne nake ganin muke cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ɗan wasa ya ɗaga hannu yana fatiha kafin a busa, ko ya yi alamar gicciye yana shiga fili, ko ya yi sujada bayan ya ci kamar yadda Salah da Sadio Mané suka saba, wannan mutum ne da bai san abin da zai faru ba, yana roƙo, ko yana godiya. Kuma masu roƙon suna ɓangarorin biyu. A daren Libreville ƴan Zambiya suna waƙar coci, ƙasarsu ma tun 1991 shugaba Frederick Chiluba ya ayyana ta ƙasar Kirista. Amma Drogba Kirista ne mai ibada, Kolo Touré Musulmi ne, kuna tsammanin ba su yi addu'a ba? Kolo ya jira shekara uku, a 2015 ya ɗauki kofin, da wannan Renard ɗin a matsayin kocinsa. Drogba ya yi ritaya bai taɓa ɗauka ba. Wa zai tsaya ya ce ga wanda aka fi karɓar addu'arsa a cikinsu?

Na je wurin malaminmu na zaure da maganar, ni ba malami ba ne, abin da na ji zan faɗa. Na ce, “Allah gafarta Malam, idan mutum ya ga irin wannan dacewar ya ji daɗi a ransa, ya yi laifi?” Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, jin daɗi daban, ɗora aiki a kai daban.” Ya ba ni labarin Larabawan kafin Musulunci, idan za su yi tafiya sai su kori tsuntsu, ya yi dama su tafi, ya yi hagu su koma gida. Ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan camfin, amma yana son kyakkyawan fata, wato mutum ya ji kalma mai daɗi ta ƙara masa ƙarfin guiwa a kan alherin da ya riga ya sa gaba. Ya ce uwar da ta rasa ɗa, idan ta ga wani abu da ya tuna mata da shi ta ji sanyi, ba wanda zai hana ta. Amma ranar da ka ce lamba ta gaya maka abin da zai faru gobe, ka shiga gonar da ba taka ba, don gaibu na Allah ne. Da na gaya masa zancen jika 20 ɗin, fuskarsa ta canza. Ya tuna mini cewa a Suratul Ma'ida aya guda ce ta haɗa giya da caca da gumaka da kiban duba, ya ce yaron nan biyu ya haɗa a tashi ɗaya.

Wata abokiyar aikina a nan tasha, Kirista ce, da na ba ta labarin ta ce a cocinsu ma kullum ana jan kunnen matasa kan masu sayar da lambobin sa'a da masu fassara mafarki don caca. Ta ce wani lokaci ma a bakin ƙofar cocin ake talla.

Mu a unguwanni ai mun san nau'in namu. Ƙungiyar da ba ta shiga fili ta ƙofa sai ta katanga, layar da ake binnewa a gindin raga, mai hisabin da ake kai wa sunayen ƴan wasan abokan karawa ya ƙidaya haruffa. Na taɓa buga wa ƙungiyar unguwarmu baya, na sha rubutu kafin wasa ba sau ɗaya ba, kuma an ci mu da shi an ci mu ba shi. Bambancin da na yanzu shi ne, a da abin da za a rasa kofin roba ne da rago. Yanzu waya tana aljihu, kuɗi suna cikinta, kuma ana iya zubawa wasa yana gudana, a daidai daƙiƙar da zuciya ta fi zafi. Masu kamfanonin cacar nan kuwa ba su san wata alama ba, lissafi suka sani. A misali, idan abu rabi da rabi ne, adalci shi ne wanda ya sa 100 ya ci ya karɓi 200. Su sai su biya ƙasa da haka, a ce 190. Wannan goman da ake gutsurewa a kowane zubin da ya ci, a kan dubban mutane, ita ce ribarsu, ko wa ya ci wasan.

Idan lissafin da ke aiki a ƙwallo kuke so, mu ƴan Nijar muna da shaida. Ran 8 ga Oktoba 2011, ranar ƙarshe ta neman gurbin waccan gasar ta Gabon, Masar ta ci Mena 3 da nema a Alƙahira. A can kuma Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo ba ci, ƴan wasanta suka zagaya fili suna rawa, suna ganin yawan ƙwallaye ya fitar da su. Ashe ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Ƙasashe uku ne suka tashi da maki tara tara, kuma dokar ta ce a duba sakamakon wasannin da suka yi a tsakaninsu. Da aka duba, Nijar ce a sama. Muna cikin jimamin kashin da muka sha aka ce mun fito. Wannan lambar a rubuce take tun kafin a fara, kowa yana iya karantawa, kocinsu Pitso Mosimane da jami'ansa ne ba su duba ba.

Da na koma wurin yaron, abin da na iya gaya masa shi ne, ashirin da ashirin ɗin nan ba ƙarya ba ne, ya faru, mun gani, kuma idan ya sanyaya zuciyar matar Jota da iyayensa ko da na minti ɗaya ne, madalla. Amma ba da shi ake magana ba, kuma ba maganar wanda zai ci wasa ake yi ba. Na ba shi labarin Zambiya kamar yadda na ba ku, da 12 ɗin da ake mantawa, da 13 ɗin Sunzu. Mai babur ya yi masa mutunci bai karɓe makulli ba, sun shirya yana ƙara jika biyu a kan kuɗin kowane mako har ya cike. Innarsa ba ta sani ba har yanzu, tana dai cewa ya rame.

Shekaranjiya da dare sai ga saƙonsa a waya. Ya ce, “Yaya, na duba wani abu. Zambiya ta ci a 2012, Sunzu lamba 13, ka haɗa 2012 da 13, ya ba da 2025. Kuma suna cikin gasar da za a fara a Maroko a watan Disamba. Ban sa ko dala ba, wallahi, nuna maka kawai nake yi.” Na san yanzu haka yana bakin tasha da rediyo a kunne yana jina. Ƙanena, na ga saƙonka, ka same ni a fada bayan isha'i, shayin yau ni zan saya.

Layukanmu a buɗe suke ga mai son tofa albarkacin bakinsa, daga wannan gefen ko wancan. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.